Hangen Dala ba shiga birni ba: kafin ka ɗauki jaka ka nufi Abuja

Satin da ya wuce ɗan yayata ya kira ni bayan isha'i, tun daga ganin kiran na san akwai magana, don yaron nan filashin kawai ya iya. Ko gaisawa ba mu gama ba ya ce Kawu an ɗauke ni aiki a Abuja. Na ce masha Allah, nawa za su ba ka? Ya ce dubu 280. Yadda ya faɗi kuɗin nan kai ka ce an ba shi kujerar Makka. Shi akanta ya karanta, ya gama bautar ƙasa shekara biyu ke nan, yanzu yana riƙe wa wani Alhaji mai harkar taki da hatsi lissafi a nan Funtuwa, ana ba shi dubu 120 a wata. To ka ga a idonsa an ninka masa albashi har da ɗori, me kuma ya rage ban da ya je tasha.

Ni kuwa na yi Abuja shekara huɗu kafin na dawo gida, saboda haka na ce masa ya samo biro da takarda mu yi lissafi, tunda dai shi ne akanta. Kuma abin da ya sa nake rubuta wannan shi ne na lura ba shi kaɗai ba ne, duk majalisar da ka zauna ta matasan da suka yi boko zancen ke nan, wane ya koma Abuja, wane yana Legas, ni ma dai in na samu hanya ba zan ƙara shekara a garin nan ba. Ina ganin muna yin wannan maganar a karkace. Masu cewa a tafi albashi kawai suke kallo, masu cewa a zauna kuma tsoro ne kawai da "kowa ya bar gida gida ya bar shi", alhali ba a nan gizo yake saƙar ba.

Mu fara da lissafin da muka yi da yaron. Abuja ba a biyan haya wata-wata, shekara ake biya a dunƙule, wani mai gidan ma ya ce sai biyu. Da ya sa abokinsa ya tambayo masa ɗaki ɗaya mai bayi da ɗan kicin a Kubwa, aka ce miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu, kuma wannan kuɗin ɗakin ne zalla, sai ejan ya ɗora kashi goma nasa, lauyan da ba za ka taɓa gani da idonka ba shi ma kashi goma, sai wani kuɗin ajiya da suke cewa za a dawo maka da shi ranar da za ka tashi in ba ka ɓata komai ba, ni dai har yau ban ga wanda aka dawo wa da shi cikakke ba. Kafin a miƙo maka makulli ka doshi miliyan ɗaya da rabi, ba ka sayi katifa ba, ba ka sayi bokiti ba. In ka raba wa wata goma sha biyu, kusan dubu 125 ta tafi. Kuɗin mota zuwa ofis da dawowa muka sa dubu 60, abinci dubu 80 in zai riƙa dafawa da kansa wani lokacin, wanda na san ba zai yi ba don ko shayi sai ƙannensa sun dafa masa. Abin da ya rage bai kai dubu 20 ba, kuma ba a sa kati da data ba, ba a sa wuta ba, ba a sa ɗan garuwa ba, ba a sa ranar da zazzaɓi zai kwantar da shi ba.

Sai na ce to yanzu juyo nan gida. Yana kwana a shagon ƙofar gidan babansa kyauta, tuwo sau biyu koko da safe ba wanda ya taɓa kawo masa bil, mashin ɗinsa na shan man dubu 20 a wata, yana ba uwarsa dubu 30, yana zuba adashin dubu 40. Wato mai dubu 120 yana ajiye dubu 40, mai dubu 280 zai riƙa jiran alat tun ranar 18 ga wata. Yaro ya yi shiru har na zaci layi ne ya yanke.

Wannan tallafin na gida shi ne ba wanda yake sa wa a lissafi, saboda ba a rubuce yake ba. Mun yi ta kuka da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwana biyu, kafin ƙarshen 2024 ta wuce dubu a wurare da yawa, amma ɗan Arewa da yake zaune a gidansu yana da wani tallafin da ya fi wannan girma, ɗaki da kwano da mai jinya da mai ba shi aron dubu biyar ba tare da ya yi dogon bayani ba. Ranar da ka sauka a tashar Zuba ko Jabi ranar aka cire maka shi gaba ɗaya. Kuma abin haushin, cire maka za a yi sannan a ɗora maka haraji, don daga ranar da aka ji "ai yana Abuja" ka zama gwamnati. Kowa da buƙatarsa, kuɗin makaranta, kuɗin magani, gudummawar biki, a samo wa wane aiki a ma'aikatar tarayya kai da ko mai gadin ma'aikatar bai san ka ba. Kuma ba ka isa ka ce babu ba, sai a ce Abuja ta canza shi.

Sannan ina so a daina yaudarar yara da kalmar Abuja ɗin nan. Abujar da ake gani a hoto, Maitama da Asokoro da Wuse 2 da titunan nan masu fitilu, ba ita ce za ka zauna ba. Nan za ka je aiki ne kawai, ka wuce ta gaban manyan gidaje da yawansu a kulle ba kowa sai mai gadi da kare. Kai kuwa Kubwa ce ko Lugbe ko Dutsen Alhaji ko Gwagwalada, in abin ya ƙi kuma Mararaba da Masaka waɗanda jihar Nasarawa ce ma, ko Suleja da take jihar Neja. Ni Mararaba na zauna shekara biyun farko. Ƙarfe biyar da rabi na asuba ina bakin titi, don in ka kuskura ka kai shida da rabi to gosulon Nyanya zuwa gangaren Kugbo har shataletalen AYA zai cinye maka awa biyu a tafiyar da ba ta kai ta rabin awa ba in hanya a buɗe take, da yamma kuma a sake, ka dawo gida tara saura ka yi sallolin da suka taru ka faɗi kamar gawa. Ga tsoron 'yan wan cans, ɓarayin da ke ɗaukar fasinja a mota su yi masa fashi, ka tare mota kana leƙa fuskar kowa kana tunanin fasinjoji ne ko abokan aikin direba. Tun da aka dawo da gwamnati garin daga Legas a Disambar 1991 ba a gina shi don ƙaramin ma'aikaci ba, an hana acaɓa a tsakiyar birni tun zamanin da El-Rufa'i yake minista, kuma har yau babu wadatattun motocin haya na gwamnati da suka maye gurbin, jirgin ƙasan cikin gari da aka farfaɗo da shi a 2024 kuwa bai bi ta inda yawancin talakawa suke kwana ba.

To duk da wannan, ka san me na ce wa yaron? Na ce ya tafi.

E, ya tafi. Don lissafin da muka yi na wata ɗaya ne, akwai kuma na shekara goma, kuma shi ne masu cewa a zauna gida ba sa son a taɓo. Aikin da yake yi wa Alhaji ya gama koyonsa tun a wata shida na farko, buhu nawa ya shigo buhu nawa ya fita wa ake bi bashi, shi ke nan, ko ya yi shekara ashirin a kujerar nan abin da zai sani ke nan, kuma babu wata kujera a samanta sai ta Alhaji, ita kuwa ɗansa ne zai gada. Albashin ma ba tsari gare shi ba, sai ranar da Alhaji ya ji daɗi ya ce a ƙara masa dubu goma. A can kuwa, in dai kamfanin na gaske ne, zai zauna ƙarƙashin mutanen da suka fi shi sani, zai ga yadda ake binciken kuɗi da yadda ake lissafin haraji, zai samu inda ake darasin jarrabawar ICAN ta zama ƙwararren akanta ranar Asabar da Lahadi, zai yi gogayya da Bayerabe da Ibo da ɗan Binuwai waɗanda ba ruwansu da ɗan gidan wane ne shi, aiki kawai za su duba. Ni abin da na samo a Abuja ba kuɗi ba ne, wallahi da bashi na dawo, amma abin da nake ci da shi yau a can na koye shi, kuma rabin masu ba ni aiki yanzu mutanen da na sani ne a can. Zama wuri ɗaya tsautsayi in ji kifi.

Kuma mu faɗa wa kanmu gaskiya, ayyukan irin wannan ba sa garuruwanmu. Hedikwatar yawancin bankuna da kamfanonin waya tana Legas, ma'aikatun tarayya da ofisoshin jakadanci da manyan ƙungiyoyin agaji suna Abuja. A farkon 2024 da aka ce za a mayar da wasu sassan Babban Banki da hedikwatar hukumar filayen jiragen sama Legas mun yi ta hayaniya, amma ban ji an yi rabin wannan hayaniyar ba a kan masaƙun Kaduna da suka mutu ɗaya bayan ɗaya, ko masana'antun Bompai da Sharaɗa da Challawa da da yawansu suka koma sito. Waɗannan su ne da za su ɗauki akanta da injiniya da mai kwamfuta a kusa da gida. Yanzu ɗan boko a garinmu zaɓinsa uku ne, aikin gwamnatin jiha wanda sai kana da uwa a gindin murhu kuma mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a 2024 dubu 70 ne, ko koyarwa a makarantar kuɗi da za a ba shi abin da bai kai haka ba, ko ya buɗe shagon POS kusa da wasu shagunan POS guda biyar. Gwamnan da ya tsaya a taro yana cewa matasa su zauna su gina jiharsu, a tambaye shi nasa 'ya'yan ina suke.

Akwai masu cewa ai yanzu zamani ya canza, zauna a ɗakinka ka yi wa kamfanin Legas ko na Turai aiki ta intanet ka ci dala kana shan furar gida. Gaskiya ne akwai masu yi kuma ina taya su murna, amma duk wanda yake Funtuwa a watan Satumbar 2021 ya san yadda aka wayi gari an kashe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina saboda 'yan bindiga, har da mu, wata da watanni mutane na tafiya wajen Zariya don kawai su yi waya ko su tura kuɗi. A Oktoban 2024 kuma yawancin Arewa ta yi fiye da mako babu wuta. Wane kamfani ne zai jira ka? Wannan hanyar tana yi wa wanda ya riga ya ƙware har ana nemansa, yana da sola da abin da zai jure, ba yaron da yake neman wanda zai koya masa ba.

Inda nake da matsala da tafiyar 'yan boko shi ne yadda muke yinta. Mu fa Hausawa ba yau muka fara barin gida ba, kakanninmu fatake sun kai Gwanja sayen goro da ƙafa da jakuna, zangon Kumasi da Sabon Ibadan da Agege duk shaida ne. Ɗan ci-rani na ƙauye da muke rainawa ya fi mu iya wannan tafiyar nesa ba kusa ba. Yana gama girbi zai tafi, ya san abin da ya je nema, kuɗin kwanon rufi ne ko na aure ko na shanun huɗa, ya san ranar dawowa, hadari na fara haɗuwa ya ɗaure kaya. A can kuma ba ya gasa da kowa, su takwas a shago ɗaya, akwai maigidan da yake saukar 'yan garinsu ya riƙe musu ajiya ya tsaya musu in an samu matsala. Ɗan boko kuwa ya tafi ba ranar dawowa ba abin da ya je ɗaukowa, kawai "na koma Abuja", kuma digiri ya hana shi zama mai arha, kunya ba za ta bar shi ya kwana su huɗu a ɗaki ba, dole waya ta zama iPhone, dole shadda ta sha aiki ranar Juma'a a Babban Masallaci, dole in za a zo Sallah a zo da mota ko ta aro ce. Na san mutanen da suka yi shekara goma sha biyar a haka, suna nan dai, ba su tara ba, ba su ƙware a komai ba, kuma ba za su iya dawowa ba don ba su san me za su ce ba. Wannan shi ne gidan ya bar ka na gaske, ba wai nisan hanya ba.

Saboda haka sharuɗɗan da na gindaya masa ba su da yawa. Ya tabbatar aikin a rubuce yake, takarda mai sa hannu da albashi da fansho da inshorar asibiti, ba "zo mu gani" ba, don na ga wanda ya ajiye aikinsa ya tafi a kan alkawarin baki na wani ɗan siyasa ya ƙare yana kwana a masallacin wata ma'aikata. Ya binciki ina kamfanin yake samun kuɗinsa, don a farkon 2025 da Amurka ta dakatar da tallafin da take bayarwa ta USAID, ma'aikatan ƙungiyoyi da yawa a Abuja da Maiduguri masu albashin da ake yi wa kallon na 'yan gata sun wayi gari ba aiki, ga hayar shekara ta zagayo. Kada ya kama ɗaki shi kaɗai a shekarar farko, ya lallaɓa wajen abokinsa su raba haya ko da tabarma zai shimfiɗa. Kada ya sayar da mashin ɗinsa. Sannan ya rubuta a takardar nan da muka yi lissafi, shekara uku, ICAN, in shekara uku ta cika babu takardar babu ƙarin girma to a sake zama.

Na kuma tambaye shi me ya sa dole sai Abuja, ya nemi Kano kuwa? Mutane na mantawa da ita saboda ba ta da ƙyalli, amma mai lissafi ko mai kwamfuta da ya shiga Kwari ko Singa ko Dawanau ya ga irin kuɗin da ke juyawa a hannun mutanen da har yanzu a littafi suke rubuta bashi, zai gane akwai aikin da ba a ma fara ba. Haya ta fi sauƙi, abinci ya fi sauƙi, kuma in aka bugo waya cikin dare aka ce jikin tsohuwa ya tashi kafin azahar kana gida. Wannan maganar ta hanya ba ƙarama ba ce. Duk wanda ya yi zirga-zirgar Abuja zuwa Kaduna a shekarun da ake tare hanya ya san addu'ar da ake yi daga Jere zuwa Katari, muka koma jirgin ƙasa muna murna, shi ma aka kai masa hari ranar 28 ga Maris 2022. Amma Kano ɗin ma ko da me ka zo an fi ka, kuma shi dai a Abuja aka kira shi, ba a Kano ba.

Duk wannan da nake faɗa na namiji ne, na mace ya ninka. Ƙanwar wani abokina likitar haƙori ce, ta samu aiki mai kyau, sai da aka yi wata uku ana zaman gida a kan ko za a bar ta, da aka bar ta kuma ta je ta tarar masu gidajen haya na tambayar ina mijinki, wani ya ce shi ba ya ba wa mace mara aure, sai da yayanta ya je ya sa hannu kamar shi ne zai zauna. Ga bakin mutanen gida, budurwa ita kaɗai a Abuja, kowa da fassararsa. Mu ne muke kukan babu likitoci mata babu lauyoyi mata, mu ne kuma in yarinya ta tashi zuwa inda za ta ƙware sai mu tare ƙofa. Ni a ganina in an yarda da tarbiyyar da aka yi mata har aka bar ta ta yi shekara shida a hostel ɗin jami'a da shekara ɗaya a bautar ƙasa, to a nemo mata gidan 'yan uwa ko abokan zama na kirki a raka ta da addu'a, ya fi a zaunar da ita tana kallon takardunta.

Shekaranjiya ya sake kira, wannan karon ma da kuɗinsa, abin har ya fara ba ni tsoro. Ya ce sun turo takardar, akwai inshorar asibiti amma wata shida na farko gwaji ne, kuma abokinsa na Dutsen Alhaji ya yarda su raba ɗaki, shi zai kawo dubu 400. Adashinsa zai fito ƙarshen wata, ya ce saura dubu 90 ko zan ranta masa. Na ce zan duba. Alhaji kuma da ya ji zai tafi ya ce a mayar da albashinsa dubu 150, abin da shekara biyu bai yi ba. Yayata ta riga ta gaya wa duk matan layinsu, har an fara kawo mata takardun 'ya'yansu a leda wai in ya je ya miƙa.